Ciwo uku a jiki ɗaya: wa zai tambayi maras lafiya kafin a miƙa masa ƙwaya?

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, amma da alama jikin da ake nufi a ƙasar nan daga wuya yake farawa ya gangara ƙasa. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, za a ɗauke shi a kai shi gidan likita, maƙwabta su yi ta sintiri da fura da lemu. Wanda kuwa ya yi wata uku barci ya ƙaurace wa idonsa, abinci ya fita ransa, ya wayi gari yana ganin zamansa a duniya ba shi da amfani, iyakar abin da zai samu shi ne «ka yi haƙuri» ko «ka rage tunani», in kuma ya ba da baya a shiga raɗa cewa jifa aka yi masa. Ranar da haƙurin ya ƙare sai ya nufi tasha ko bakin kasuwa, inda wani yaro mai faranti a ka zai zaɓa masa ƙwaya bisa launinta.

Wannan al'amari ya wuce a bar shi ga likitoci kaɗai, domin ya taɓa jarin ɗan kasuwa, ya taɓa aikin gwamnati, ya kuma taɓa yadda hukuma ke kashe kuɗin talakawa. Magungunan ciwon damuwa da na fargaba suna nan, an san su fiye da shekara 60, wasunsu ma ba su da tsada. Suna da amfani, duk wanda ya musanta haka ya jahilci lamarin. Sai dai amfaninsu ya rataya ne ga wani abu da ya fi ƙwayar kanta wuyar samu a Nijar, wato mutum mai sani da zai zauna ya tambayi maras lafiya, ya bambance abin da ke damunsa, ya kuma sake ganinsa bayan mako biyu. Ba inda rashin wannan mutum ke fitowa fili kamar a wajen wanda damuwa ko fargaba ta haɗe masa da ciwon rashin natsuwa.

Misalin da kowa ya sani

A ɗauki misalin wani akawu a biron gwamnati a Damagaram, ko wani mai kanti a kasuwar Maraɗi. Irinsu ba su da wuyar gani, kowane mai karatu ya san ɗaya. Tun yana lakwal mushe ke cewa yaron yana da kai amma ba ya zama wuri ɗaya. Ya girma yana fara aiki biyar bai ƙarasa ko guda ba. Takarda ta ɓace a hannunsa, alkawari ya wuce bai tuna ba, littafin bashi ya rikice har ba a san wa ake bi ba. Shugabansa na kiransa malalaci, uwargidansa na cewa ba ya sauraron magana. Bayan shekara ashirin yana jin haka, sai shi ma ya gaskata su. Daga nan gabansa ya riƙa faɗuwa duk safiyar Litinin, hannunsa na rawa in an kira shi biron shugaba. Da tafiya ta yi nisa sai baƙin ciki ya rufe shi, ya daina zuwa fada shan shayi, ya daina kula da ƴaƴansa.

Wannan bawan Allah yana ɗauke da abubuwa uku ne, kuma kowanne da sunansa a littafin likita. Na farko shi ne ciwon damuwa mai tsanani, wanda ake gane shi in mutum ya yi aƙalla mako biyu cikin ƙunci kusan kullum, abin da da yake faranta masa rai ya daina, barci da ci da kuzari suka lalace. Na biyu shi ne ciwon fargaba, wato tsoro da zullumin da suka fi ƙarfin dalilinsu, suka ƙi barin mutum wata da watanni, tare da bugun zuciya da gumi da ɗaurewar ƙirji. Na uku shi ne ciwon rashin natsuwa, wanda likitoci masu aiki da Faransanci ke taƙaitawa da haruffan TDAH: kasa tsayar da hankali kan abu ɗaya, yawan mantuwa, gaggawa, wani lokaci da ƙiriniyar da ba ta jin tsawa.

Ba sabon abu ba ne, ba kuma ƙaramin abu ba ne. Tun 1902 wani likitan yara na Ingila, George Still, ya bayyana irin waɗannan yara a laccocinsa a Landan. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 ke da ciwon, a manya kuwa wajen rabin haka, kuma gado na da babban hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa, wajen miliyan 300 kuma da na fargaba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya gano cewa kusan rabin manyan da ke da rashin natsuwa suna kuma da ciwon fargaba. Ke nan haɗuwarsu a jiki ɗaya abu ne da aka saba gani.

Matsalar ita ce ukun suna sanye da riga iri ɗaya. Mai damuwa ba ya iya mai da hankali, mai fargaba ma haka, mai rashin natsuwa kuwa da ma halinsa ke nan. Abin da ke raba su tambaya ce wadda ba ta cin ko dala: yaushe abin ya fara? Rashin natsuwa na gaskiya yana bayyana tun kafin shekara 12, a gida da lakwal da wurin wasa, kuma ba ya zuwa ya tafi. Wanda ya yi shekara arba'in yana riƙe da lissafinsa tsaf, sai bara hankalinsa ya fara watsewa bayan ya yi hasara ko rashi, wannan a nemi dalilinsa a wani wuri. Mai faranti a tasha ba ya yin wannan tambaya, majo mai layin mutum sittin a ƙofarsa kuwa ba shi da lokacinta.

Abin da ƙwayar ke iyawa

Tarihin magungunan damuwa ya fara ne da dace. A 1952 likitoci a Niyok suka lura cewa masu tarin fuka da ake ba wani sabon magani, ifroniyazid, sun samu walwalar da ba a zata ba. A 1957 Roland Kuhn, wani likitan ƙasar Suwizalan, ya ba da labarin amfanin imifiramin ga masu damuwa. Daga danginsa aka samu amitiriftilin, wanda farmasi ke sayarwa da sunan Laroxyl. A ƙarshen 1987 Amurka ta amince da fuloksetin, wato Prozac, wanda ya buɗe ƙofa ga sabon rukuni mai sauƙin illa. Amitiriftilin da fuloksetin duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kamfanoni da yawa na yin su da araha tunda haƙƙin mallakarsu ya ƙare.

Aikinsu a ƙwaƙwalwa shi ne su sa wasu sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙo da su, musamman serotonin, su daɗe a tsakanin jijiya da jijiya. A 2018 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, da mutane fiye da 116,000. Sakamakon ya nuna dukkansu sun fi ƙwayar da ba magani a cikinta, amma ratar matsakaiciya ce. Wani babban gwaji a Amurka ya nuna kamar mutum ɗaya cikin uku ne ke warkewa sarai da maganin farko da aka ba shi. Sauran sai an ƙara, ko an sauya, ko an haɗa da wani abu. Wannan ita ce gaskiyar lamarin: magani ne mai taimako, wanda ya ceci rayuka da aure da sana'o'i, amma mai bukatar a bi sawunsa.

Yana kuma da ɗabi'un da in ba a gaya wa mutum ba zai yar da shi tun ba a je ko'ina ba. Ba ya aiki ranar da aka sha. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga sauyi. A kwanakin farko fuloksetin na iya ƙara wa mai fargaba fargaba, ya kawo tashin zuciya ko rashin barci, shi ya sa ake farawa da kaɗan. Yana iya rage sha'awar iyali, abin da magidanta da yawa ke jin nauyin faɗa, sai kawai su daina sha a ɓoye. Amitiriftilin yana busar da baki, yana sa barci da taurin ciki, ba a son sa ga mai ciwon zuciya, kuma yawansa na kisa. Saboda haka ake ba da shi kaɗan-kaɗan, in hali ya yi a damƙa shi ga wani babba a gida. In sauƙi ya samu ba a tsayawa nan take: ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ci gaba wata 9 zuwa 12, sa'an nan a janye sannu a hankali, don yankewa farat ɗaya na kawo jiri da ruɗewa da komawar ciwo.

Akwai haɗari biyu da suka fi sauran. Na ɗaya, wanda ciwonsa na hawa da sauka ne, wato yakan yi kwanaki cikin zumuɗi da ɓarnar kuɗi da rashin bukatar barci, sa'an nan ya faɗa ƙunci, in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura shi ya fita hayyacinsa. Na biyu, a 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi a kan kwalayen cewa maganin na iya ƙara tunanin hallaka kai ga yara da matasa a makonnin farko, a 2007 kuma ta faɗaɗa gargaɗin zuwa masu ƙasa da shekara 25. Ba a ce kada a ba su ba. An ce a sa musu ido. Duk iyalin da suka ji ɗansu ko matarsu na maganar gajiya da rayuwa, to ranar nan ce ranar zuwa likita, ba gobe ba.

Abin da ba ta iyawa

A nan ne akawun nan na Damagaram zai iya yin tuntuɓe. In Allah ya taimake shi ya samu fuloksetin, bayan wata biyu ƙuncin zai iya yayewa, faɗuwar gaba ta ragu, ya koma fada. Amma takardu za su ci gaba da ɓacewa, domin fuloksetin da danginsa ba sa taɓa rashin natsuwa. In ba wanda ya gano wannan ciwo na uku, shugaba zai ci gaba da faɗa, bashi ya ci gaba da rikicewa, ba da daɗewa ba baƙin cikin ya dawo. Sai a ce magani bai yi ba, a ƙara yawansa, a sauya wani, a sake sauyawa, alhali rufin ɗakin ne ke yoyo, ana ta share ƙasa.

Rashin natsuwa na da nasa magunguna. Mafi shahara shi ne metilfenidat, wanda aka fara haɗawa a birnin Basel a 1944, ake sayarwa da sunan Ritaline. Yana aiki cikin sa'a guda, yana taimaka wa akasarin waɗanda ciwon ya tabbata a kansu, amma yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, yana rage ci da barci, wasu kuma yakan tsananta musu fargaba. Da yake ana iya mai da shi kayan maye, yarjejeniyar duniya ta 1971 ta sa shi cikin magungunan da ake tsaurara tsaronsu. A Faransa ma takardarsa ta musamman ce, kuma ba a rubuta fiye da na kwana 28. Akwai kuma atomoksetin, wanda abin mamaki an fara gwada shi ne a matsayin maganin damuwa bai yi nasara ba, sai a 2002 aka amince da shi don rashin natsuwa. Ba ya sa maye, yakan dace da mai fargaba, amma yana ɗaukar makonni kafin ya yi aiki.

To wanne za a fara? Likitoci sun daidaita a kan cewa a fara da wanda ya fi barazana. In damuwar ta kai mutum ba ya tashi daga shimfiɗa, ko yana tunanin mutuwa, ita za a fara kashewa, sauran su jira. In kuwa ƙuncin mai sauƙi ne, kuma a bayyane yake cewa wahalar rashin natsuwa ce ta haife shi, gyara natsuwar na iya ɗauke shi ba tare da ƙwaya ta biyu ba. Ana iya haɗa magungunan biyu, ana ma yin haka a ƙasashe da yawa, amma da sharuɗɗa: a fara ɗaya, a ga yadda jiki ya karɓa, sa'an nan a shigo da na biyu, ana auna jini da bugun zuciya da nauyi. Wani haɗin ma sai an rage awo, domin fuloksetin na hana hanta narkar da atomoksetin da wuri, sai ya taru a jini fiye da yadda aka nufa. Duk wannan lissafi ne da ba wanda zai yi wa kansa a ɗaki, ko ɗan'uwansa da ke Turai ya yi masa ta wayar salula.

Inda bango ya tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, akasarinsu kuma a Yamai suke. Daga Maraɗi zuwa can ya fi kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. Sashen da ke kula da wannan fanni a babban asibitin Yamai, Pavillon E, sunansa ya zama abin zolaya a bakin jama'a, har mai mutunci kan gwammace ya mutu da ciwonsa da a ce an gan shi a ƙofar. Tun ranar da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kuɗin maganin da ake shigowa da shi ya yi tsalle, farantin talla kuma ya samu kasuwar da har yau bai sake ta ba.

Abin da farantin ke bayarwa sananne ne. Mai fargaba a ba shi diyazefam, wato Valium, wanda ke kwantar da jiki cikin minti talatin, amma in aka wuce ƴan makonni ana sha jiki ya kama shi, ya ƙara dusashe tunani da natsuwar da da ma ba ta isa ba. Mai kasala da wanda hankalinsa ba ya tsayawa a ba shi tramol, ba ma na miligiram 50 da likita ke rubutawa don ciwo ba, na 200 ko 225 da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. Ba duk ɗan kabu-kabu ko ɗan dako mai shan tramol ne ke neman maye ba. A cikinsu akwai masu ciwon da ba a gano ba, suna yi wa kansu magani da abin da hannunsu ya kai. Abin tsoron shi ne tramol ma yana taɓa serotonin. Wanda ke shan sa, aka ɗora masa fuloksetin ba a tambaye shi ba, ko aka tambaya ya ɓoye, yana iya faɗawa cikin zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa da jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa rai. Tambaya guda, amsa guda ta gaskiya, ita ke tsakaninsa da wannan.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da ke yawo da faranti bai san hanyar tashar jirgin ruwa ba, bai kuma san inda ake sauke kwantena ba. Akwai manya masu jari da ke shigo da kayan, akwai masu rufe ido a kan iyaka. A watan Janairun 2020 Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka yi alkawari a Lome cewa za su tsananta hukunci a kan fataucin jabun magani. Alkawarin yana rubuce. Mai son sanin inda aka kwana, ya zaga tashar garinsu ranar kasuwa.

Masu cewa ciwon Turawa ne

Za a samu masu cewa duk wannan hayaniyar masu ƙoshi ce: ƙasar da ke fama da tamowa da ƙyanda da zazzaɓi, ina ta ga ta rashin natsuwa? Wasu kuma za su ce wanda ya rasa aiki, ko kayansa suka ƙone, ko rikici ya raba shi da garinsu, ba ƙwaya yake bukata ba, abinci da adalci yake bukata. A maganar nan akwai gaskiya, kuma ya kamata a karɓe ta. Ƙwaya ba ta biyan bashi, ba ta dawo da mamaci. Baƙin cikin makoki ba ciwo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce kada a fara da magani ga mai damuwa mara tsanani, kada kuma a ba yaron da bai kai shekara 12 ba maganin damuwa.

Haka nan wajen yara, gaggawar laƙaba suna kuskure ne. Yaron da ya zo aji ba karin kumallo, aka cusa shi cikin rumfar zana da ɗimbin yara, ana yi masa darasi da Faransancin da bai taɓa ji a gidansu ba, in ya kasa natsuwa ba abin mamaki ba ne. Ƙarancin jini, rashin ji sosai, raunin ido, wata irin farfaɗiya mai ɗauke hankali na ƴan daƙiƙoƙi, da tabon da zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ke bari, duk suna kama da rashin natsuwa. A manya kuma ciwon maƙoƙo na iya zuwa da siffar fargaba ko ta kasala. Wanda ya kwaso tsarin Amurka, inda ake muhawara kan yawan rubuta waɗannan magunguna, ya juye shi a Tawa ba tare da awo ba, ɓarna zai yi.

Amma wannan hujja ce ta a ƙara bincike, ba ta a naɗe hannu ba. Talauci ba ya kare mutum daga ciwon damuwa, ƙara masa yake yi, ciwon kuma ya juyo ya ƙara talaucin: ɗan kasuwar da ya kasa buɗe kanti wata huɗu ya ci jarinsa, uwar da ƙunci ya danne bayan haihuwa ba ta iya kula da jaririnta yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, fiye da mutum uku cikin huɗu masu wannan ciwo ba sa samun kowane irin magani. Afirka kuma ba baƙuwa ba ce a fannin. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda masu jinya ke zaune da danginsu cikin jama'a. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa sun shigo da iyali da masu maganin gargajiya cikin jinya. A Zimbabuwe Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci su saurari masu damuwa bisa tsari, gwajin da aka buga a 2016 kuma ya tabbatar da amfanin abin. Addu'a ma ba ta gaba da magani. Malamai sun daɗe da bayyana cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Nauyin da ke wuyan kowa

Abin da ake nema daga hukuma bai fi ƙarfinta ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda aka tsara musamman don a koya wa majo da ƙaramin likita gane waɗannan cututtuka da jinyarsu, a bar wa ƙwararre masu wuya kaɗai. Kamata ya yi kowace cibiyar CSI ta samu aƙalla mutum ɗaya mai wannan horo, da lambar ƙwararren da zai kira in abu ya shige masa duhu. Kamata ya yi ONPPC, wadda aikinta ke nan, ta tabbatar fuloksetin da amitiriftilin ba sa yankewa a cibiyoyin jihohi, domin maganin da ake sha wata tara in ya yanke a wata na uku, an koma gidan jiya. Magungunan rashin natsuwa kuwa, a buɗe musu ƙofa ƙarama mai tsaro: ƙwararre ya fara rubutawa, a riƙe rajista, a hana su faɗawa faranti. Rufe ƙofar gaba ɗaya ba ya hana masu hali samowa daga waje. Talaka kaɗai yake hanawa. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ba kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. A duniya baki ɗaya kuwa abin da lafiyar ƙwaƙwalwa ke samu daga kasafin lafiya bai wuce wajen kashi 2 cikin 100 ba. Jama'a na da haƙƙin sanin nawa ne nata rabon a Nijar.

Ƴan kasuwa su ma da nasu. Magani ba atamfa ba ce, ba kuma magi ba ne. Ƙungiyoyinsu, waɗanda suka iya haɗa kai in an ƙara kuɗin duwan, suna iya haɗa kai su tsame masu shigo da tramol daga cikinsu. Mai farmasi kuma da ke miƙa diyazefam ba takardar likita, bambancinsa da mai faranti rufin kwano ne kawai.

Shugabannin ma'aikatu da iyayen gida a kasuwa su sani cewa rabin jinyar rashin natsuwa ba a kwalba take ba. Aiki ɗaya a lokaci ɗaya, umarni a rubuce, wurin zama nesa da hayaniya, wani amintacce da zai duba lissafi duk yamma: waɗannan ba su cin ko tamma, kuma sun isa su mai da wanda ake kira malalaci ma'aikacin kirki. Shi kuma maras lafiya, nasa shi ne ya faɗa wa likita gaskiya: abin da yake sha a ɓoye, yadda yake tun yana yaro, abin da maganin ya yi masa har wanda yake jin kunyar faɗa. In azumi ya zo ya nemi a gyara masa lokacin sha, kada ya ajiye. In sauƙi ya samu kada ya sallami kansa.

Akawun nan na Damagaram yana nan yana jira, shi da dubban irinsa. Yana da hanya biyu a gabansa: ta tasha, wadda ke buɗe dare da rana ba a tambayar kowa komai, da ta gidan likita, wadda in ya bi yau da wuya ya tarar da mai lokacin sauraronsa. Muddin ta farkon ta fi ta biyun sauƙi, ita zai bi, kuma ba shi kaɗai za a tuhuma ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta.